Haƙorin da Ya Ƙi Yin Fari

Duk surutun da nake zuba muku a shafin nan, akwai abin da ban taɓa faɗa ba, yau kuma zan faɗa. Haƙorina na gaba, na sama ta hagu, ba nawa ba ne. Na roba ne. Shekara shida yana bakina, ina dariya da shi, ina ɗaukar hoto da shi, ba wanda ya taɓa ganewa sai ranar Asabar ɗin da ta wuce.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: malamar 'yan aji biyu ce ni, shekarata ashirin da bakwai, saura sati bakwai bikina. Wanda zan aura mai awon filaye ne. Ƙanwata ce ta laƙaba masa Agogo, don in ya ce ƙarfe huɗu zai zo, huɗu saura minti biyu za ku ji tsayuwar motarsa a ƙofar gida, ya zauna a ciki har minti biyun su cika sannan ya kira. Sunan ya bi shi, har ni ma haka na ajiye shi a waya. Ba wanda ya haɗa ni da shi. Ni na gani, na ce ina so, kuma ina son sa har yanzu da nake rubutun nan.

Abin da bai sani ba shi ne ina da farfaɗiya.

Na rubuta kalmar na goge ya fi sau uku. A gidanmu ba a kiran sunanta, sai dai a ce "ciwon nan", Umma kuwa "jirinta" take cewa. Shekara uku rabon da ya tashi, saboda ba na wasa da magani: takwas na safe, takwas na dare, wayata tana ƙara. Agogo ya taɓa tambayata ƙarar mece ce wannan da ba ta saɓa lokaci, na ce na maganin hawan jinin Umma ne. Har yaba mini ya yi, wai ina kula da uwa.

Kafin ku zage ni, ku tsaya ku ji. Maza biyu sun zo kafin shi. Na farko ni na faɗa masa da bakina, ya ce ba komai, Allah ya ƙara sauƙi, daga ranar wayarsa ta daina shiga. Na biyu mahaifiyarsa ce ta ji a bakin mutane, ta zo gidanmu har falo, aka kawo mata ruwa a kofin gilashin da Umma ke ajiye wa manyan baƙi, ta dube shi ta ce ta ƙoshi. Tsoro take kada ta ɗauka. Bayan fitarta Umma ta wanke kofin da ba a sha ba, tana wankewa tana hawaye. Shi ya sa da Agogo ya fito, Umma da Goggo, yayar mahaifina, suka zaunar da ni suka ce in ja bakina sai bayan biki. Na ce to.

Sai ga saƙon yayarsa ranar Laraba. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ce uwa, ita ce uba, ita ke zaɓen kalar labulen gidan da za mu zauna. Ga abin da ta rubuto:

"Amaryarmu, na kama miki layi a asibitin haƙori ranar Asabar ƙarfe goma. Za a ƙara wa haƙoranki haske kafin hotuna. Kyautata ce, kar in ji a'a. Ƙanina zai kai ki."

Ta sa hoton fuska mai murmushi har uku. Na rubuta "Na gode Yaya, amma", na goge "amma", na tura.

Ranar Asabar tun bakwai da rabi Goggo ta iso. Ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwali ta shigo ɗakina ba sallama, ta ture kayan gugar da ke bakin gado ta zauna, jakarta a cinya. Doguwar riga ruwan toka na sa, mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi fari. Ta ƙare mini kallo sama da ƙasa.

"Canza mayafin nan. Fari yana tona haƙori."

Na canza zuwa ruwan ƙasa.

"In sun ba ki takarda, duk inda aka tambayi ciwo ki sa babu."

"Goggo, asibiti ne fa."

"Asibitin haƙori. Me ya haɗa haƙori da kai? Wanki za su yi miki su sallame ki."

"In suka tambayi maganin da nake sha fa?"

"Kin taɓa ganin an rubuta wa mutum a goshi? Sati bakwai ya rage, 'yar nan. Shekara nawa muka yi muna jira? Ki dubi uwarki."

Na dubi uwata. Tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa da ƙwayar magani a tafin hannu, don takwas ta kusa. Ta miƙo mini, na haɗiye, ta karɓi kofin, ta gyara mini bakin mayafi a kafaɗa kamar ranar da ta fara kai ni makaranta. Da ta yi faɗa irin na Goggo da na samu bakin musu, amma shirun nan nata shi ya kashe mini jiki.

Goma saura kwata muka isa. Asibitin a hawa na biyu yake, saman wani shagon tabarau. Ɗakin jira sanyi ƙalau, kujeru shuɗɗa a jere, ƙamshin maganin wanke baki ko'ina, bango cike da hotunan mutanen da ke dariya da haƙora kamar farantin tangaran. Matar da ke kan teburin karɓar baƙi ta miƙo mini fom a jikin ɗan katako. Agogo ya zaro biro daga aljihun gaba ya ba ni, ya ɗauki takardar talla yana karanta mini a hankali, kafaɗarsa kusa da tawa.

"Malama, kala uku ne ashe. Akwai na awa ɗaya, akwai na gida, akwai wanki kawai. Ni dai a ganina lafiyarsu ƙalau, Yaya ce da neman magana."

Ni ba na jin sa. Idona yana kan tambaya ta tara. Kina da ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon suga, ciwon zuciya, asma, farfaɗiya. Ga akwati biyu ƙanana, e da a'a. Na saci kallonsa, yana can yana gyara gilashi yana karatu. Na sa alama a kan a'a. Ta goma, kina shan wani magani kullum? A'a. Na sa hannu a ƙasa, inda aka rubuta cewa duk abin da na faɗa gaskiya ne.

Likitar mace ce, 'yar gajera, da furfura kaɗan a gaban hularta, ba ta da yawan fara'a. Ta ce Agogo zai iya shigowa ya ji bayani. Ya zauna a kujerar gefe da jakata a cinyarsa, ni kuma aka kwantar da ni a doguwar kujerar nan, aka ɗaura mini ƙyalle a wuya, aka jawo fitila saitin fuskata.

Ta fara da bayani, tana lissafawa da yatsu. Wanki kawai zai cire dattin shayi da abin da ya taru a gindin haƙori, amma ba zai canza asalin kalarsu ba. Na biyu, a shafa magani mai ƙarfi a nan kan kujera, a haska fitila, awa ɗaya a tashi da fari, sai dai haƙora za su yi tsami kwana biyu. Na uku, a auna bakina a yi mini roba daidai haƙorana, in riƙa zuba maganin a ciki ina sawa a gida har sati biyu. Ta ɗauko wani ɗan allo mai jerin haƙoran gwaji, daga mai ɗorawa-ɗorawa har fari tas, ta ce in buɗe baki.

Ta kara allon a haƙorana. Ta ƙwanƙwasa haƙorin hagu da bayan ƙarfenta. Na ji ƙarar har cikin kaina.

"Sai dai wannan ba zai yi fari ba."

"Wanne?" in ji Agogo.

"Wannan na gaban. Sawa aka yi. Magani ba ya kama irinsa. Yanzu kalarsa ɗaya da sauran, shi ya sa ba a ganewa. In na haskaka sauran, shi zai tsaya yadda yake, duk wanda ta yi wa murmushi shi zai fara gani."

Ya miƙe ya leƙo. Jama'a, ban taɓa jin tsiraici irin na lokacin ba: bakina a wangale, fitila a kaina, mutumin da zan aura yana leƙen abin da na ɓoye shekara shida.

"Ikon Allah. Ba ki taɓa faɗa mini ba."

Likita ta cire ɗan madubin da ta sa mini a baki don in samu bakin magana.

"Faɗuwa na yi," na ce. "Tuntuni."

Ya yi 'yar dariya. "Ashe Malama ma ta yi ƙiriniya."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta sake cewa in buɗe. Ta ɗaga leɓena na sama ta daɗe tana duban dasashina, ta danna shi kaɗan. Ta ce in fito da harshe, ta kama shi da auduga, ta juya shi dama, ta juya shi hagu. A gefen hagun ta tsaya. Na san abin da ta gani, don ni ma ina jin tabon kullum in ina cin abinci.

"Malam, ɗan ba mu wuri, zan ɗauki hoton haƙorin."

Ya fita da jakata a hannu, ya ja ƙofa a hankali. Ba ta ɗauko na'urar hoto ba. Ta kashe fitila, ta ɗago kujerar har na zauna, ta sauke ƙyallen bakinta, ta jawo fom ɗina.

"Wane magani kike sha?"

"Ba na shan komai."

"Ƙanwata, shekara ashirin da biyu ina leƙa bakin mutane. Dasashinki ya yi kauri yana hawa kan haƙori, akwai magungunan da ke sa haka. Gefen harshenki tabon cizo ne, ba ɗaya ba. Ba tuhumarki nake ba. Amma in ciwo ya tashi kina kan kujerar nan da ƙarfe a bakinki, ya kamata a ce na sani."

Na buɗe baki zan sake ƙarya, sai kuka ya riga ta fitowa. Ba mai sauti ba, don ina tsoron ya ji daga waje. Ta miƙo mini takardar goge baki ta jira. Na faɗa mata sunan maganin, da shekarun, da rabona da faɗuwa. Ta rubuta ba tare da ta ɗago ba.

"Haƙorin fa? Ƙasa kika buga, ko cokali aka sa miki?"

Na ɗago na dube ta.

"Cokali," na ce.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina da shekara ashirin da ɗaya ciwon ya kama ni a kicin. Goggo ce kaɗai a kusa. Ta ji ana cewa mai farfaɗiya yana haɗiye harshensa, sai ta ɗauki babban cokalin ƙarfe ta cusa mini tsakanin haƙora da iya ƙarfinta. Da na farfaɗo, rabin haƙorina yana kan tayil, Goggo na zaune a ƙasa rigarta duk jini tana kiran sunana. Ita ta kai ni aka sa na robar. Tun daga ranar ba ta ƙara cin abinci da cokali a gabana ba, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba.

"Ba a haɗiye harshe," in ji likita. "Amma kusan duk wanda bai sani ba cokali yake nema, don yana son ki. Na gyara irin wannan haƙorin ya fi a ƙirga." Ta nuna ƙofa da biro. "Wanda kika faɗa wa da wanda ba ki faɗa wa ba, ba ruwana, daga bakina ba zai ji ba. Tambaya ɗaya zan yi miki. In ya tashi kuna ku biyu a gida, shi me zai ɗauko?"

Na hango Agogo a kicin ɗin da yayarsa ta zaɓa wa labule, gilashinsa ya faɗi, yana jan aljihun cokula. Kusan shekara ɗaya da rabi ina tunanin abin da zai same ni in ya sani. Ban taɓa tunanin abin da zai same shi in bai sani ba.

Ta juyo mini da fom ɗin, na soke a'a biyun da hannuna. Ta ce yau ba za ta shafa mini komai ba, don maganin zai ƙona dasashin da ya kumbura. Wanki za a fara yi sati mai zuwa, ta rubuta wa likitan da ke duba ni ko zai sake duba maganin, sannan in na so a yi na gida a hankali, daga baya a canza na robar ya dace da sauran. Ta rubuta duka a takarda mai tambarin asibitin, ta ninke biyu ta ba ni.

"Takardarki ce. Ki adana."

Na fito idona jawur. Agogo ya miƙe da sauri.

"Lafiya? Zafi ta yi miki?"

"Fitilar ce. Riƙe mini, bari in wanke fuska."

Na tura masa takardar na shige banɗaki. Na fi minti biyar a gaban famfo ina watsa ruwa, ina kallon haƙorin a madubi. Wayata ta yi ƙara a aljihun riga, saƙon Goggo ne: "Ya ake ciki? Kin dai yi yadda na ce?" Ban amsa ba.

A mota ya kunna sanyi, ya ajiye takardar a gaban gilashi, ya ɗaura bel. Kafin ya tayar na dafa sitiyarin.

"Kar ka tayar tukuna."

Ya cire hannunsa daga makulli.

"Ƙarar da wayata ke yi ƙarfe takwas, ba ta Umma ba ce. Tawa ce."

Daga nan ban tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan ci gaba ba. Na kira sunan ciwon. Na faɗa masa shekarun, da cokalin, da mutum biyun da suka gudu, da kofin da aka ƙi sha. Na faɗa masa yau ma sai da na yi ƙarya a fom yana zaune kusa da ni, da bironsa. Duk maganar nan maɓallin hannun rigata nake kallo, na murza shi har zaren ya saki.

Wata mota ta shigo ta faka kusa da mu, mata biyu suka fito suna hira, suka hau bene. Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Shekara ɗaya da wata biyar," ya ce. "Kina kallona ina yaba miki a kan maganin Umma."

"E."

"Da sai yaushe?"

"Bayan biki."

"Bayan biki." Ya maimaita a hankali, ya jinjina kai. Muryarsa ba ta tashi ba, amma na ga jijiyar gefen wuyansa. "Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ba ciwon ba, ƙaryar."

"Na sani."

Na kama murfin ƙofa. Na riga na san yadda ake yi: Allah ya ƙara sauƙi, sai waya ta daina shiga. Gara in sauka da ƙafata in nemi abin hawa.

"Ina za ki? Ban gama ba." Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. "In ya tashi, me zan yi?"

Na zaci ban ji daidai ba. Ya sake tambaya. Sai na ji bakina yana jero masa abin da ba wanda ya taɓa tambayata a gidanmu: ka kwantar da ni ta gefe, ka sa abu mai laushi a ƙarƙashin kaina, ka kawar da duk abin da zan buga. Kar ka danne ni. Kar ka sa mini komai a baki, ko cokali, ko yatsa, ko ruwa. Sannan ka duba lokaci, in ya wuce minti biyar sai asibiti.

"In duba lokaci," ya ce. Gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Wannan kam kin samu ma'aikaci."

Dariya da kuka suka haɗe mini, na rufe fuska da mayafi. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da na ji ya sauka. Ya ce fushinsa bai huce ba, kada in ɗauka an gama, akwai zama tsakaninmu. Na ce na yarda. Na roƙe shi abu ɗaya: Yaya kada ta ji yanzu, sai mun shirya yadda za mu faɗa mata tare.

Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya dubi takardar da ke gaban gilashi, ya dube ni.

"Me likita ta rubuta a ciki?"

"Komai. Me ya faru?"

"Kina banɗaki Yaya ta turo saƙo, wai in nuna mata wanda aka zaɓa." Ya zaro wayarsa a hankali. "Na buɗe na ɗauka na tura. Ban karanta ba, wallahi. Rubutun likita ne."

Na warware takardar. Rubutun a cakuɗe yake, gaskiyarsa, amma layi na biyu da manyan baƙaƙe ta yi shi, har ta ja layi a ƙasa: MAI FARFAƊIYA CE, TANA KAN MAGANI. Ya juyo mini da fuskar wayar. An buɗe hoton minti goma sha ɗaya da suka wuce, kuma Yayar da ke amsa saƙo kafin ka sauke hannu ba ta rubuto ko harafi ɗaya ba.

Muna cikin kallo wayar ta fara ruri a hannunsa, sunanta ya cika fuskar. Na tuna matar nan da kofin Umma.

"Bari in ce mata zan kira ta anjima," ya ce.

Sau biyu a rayuwata aka yanke hukunci a kaina ina ɗaki a zaune. Na goge fuskata da bakin mayafi, na miƙa masa hannu.

"Ba ni. Ciwona ne, a bakina za ta ji."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya sa mini wayar a tafin hannu, bai janye nasa hannun ba. Na danna.

"Yaya, ina kwana. Ba shi ba ne, ni ce."